Namadi Maƙeri da Tayoyin Dahomi

Namadi maƙeri ne a Kaoje, kamar ubansa. Ƙirar garma da lauje ya gada, amma ya yi shekara shida a Sakkwato wurin wani bakanike, ya dawo da sanin mota da zafin ran da ko 'yan'uwansa ke kauce wa.

A shekarar da aka sami mulkin kai, yayarsa Mairama, mai fataucin busasshen kifi, ta haɗa kai da masuntan unguwarsu suka sayi wata tsohuwar a-kori-kura don kai kifi kasuwar Bagudo. Da rani motar ta yi aikinta. Da damina ta kankama, siraran tayoyinta suka riƙa nutsewa a taɓo, kifi ya kwana biyu a hanya ya lalace. Sai Mairama ta tsallaka Dahomi wurin dangin mijinta, ta dawo da tayoyi huɗu masu faɗi, haɗe da wilinsu na ƙarfe, a bayan jakuna.

"Ɗaura su yau," in ji ta.

"Yaya, ramukan noti sun dace, amma ba shi ke nan ba. In mota ta ɗauki kaya za ta zauna a kansu."

Kwana tara ya yi a kan aikin. Ya yanke bakin madigadi, ƙarfen da ke rufe saman taya, ya lanƙwasa shi ciki. Ya ƙera faifan ƙarfe ya sa a bayan kowane wili, don tayar ta matso waje ta daina gugar sifirin. Sannan ya shafe tayoyin da farar ƙasa, ya loda buhunan shinkafa, ya bi ramuka yana murɗa sitiyari har ƙarshe. Duk inda fari ya fito a jikin motar, nan taya ke taɓawa, sai ya bi wurin da guduma. Bayan haka motar ta riƙa ratsa fadama ba ta tsayawa.

Wata guda kawai suka ci moriyar abin. Akwai wani sabon ma'aikacin bakin iyaka, Bunyaminu, mai ƙaramar mota iri ɗaya da tasu a ƙira, sai dai tasa ta fi kusa da ƙasa. Ranar kasuwa ya tare su a Bagudo.

"Ina takardar shigo da tayoyin nan?"

"Wace takarda?" in ji Mairama. "Ƙanen mijina ya ba ni. Tun kakanninmu muke tsallakawa."

"Wannan a da ke nan. Yanzu ƙasa ta zama tamu, akwai doka."

Ya sa aka kwance tayoyin a gaban jama'a, aka bar motar a kan duwatsu da kifi a cikinta. Kafin mako ya zagayo, kowa ya ga tayoyin a ƙarƙashin motar Bunyaminu. Bai ko damu da ɓoyewa ba.

Bai auna komai ba, noti ya shiga shi ke nan. Ranar da ya ɗauki abokansa zuwa Lafagu, motar ta faɗa rami, bakin madigadi ya tsarge tayoyin baya kamar wuƙa, suka zarce cikin gonar shinkafa. Ba wanda ya mutu, amma Bunyaminu ya karye a kafaɗa. Da hannu a rataye ya kai ƙara wurin hakimi, wai Namadi ya yi wa tayoyin sammu.

Namadi ya zo a fusace. Ya roƙi a jawo motar Bunyaminu ƙofar fada. Ya nuna cikin madigadi inda ƙarfe ya goge yana ƙyalli, da ɓarɓashin roba manne a jiki. Ya sa ƙarti huɗu suka shiga suka zauna.

"Ranka ya daɗe, sa yatsa tsakanin wanga ƙarfe da taya."

Hakimi ya gwada, yatsa ya ƙi shiga.

"Ga sammun nan," in ji Namadi. "Saura tambaya guda. Kayan da aka ce an kama wa gwamnati, mi ya kai su ƙarƙashin motarsa?"

Hakimi ya kori ƙarar, amma ya ce ba shi da iko a kan ma'aikacin. Aka mayar wa Mairama tayoyi biyu da suka tsage, biyun masu lafiya ba a sake ganinsu ba. Bunyaminu kuwa an yi masa canjin wurin aiki, har aka ji an ƙara masa girma. Masuntan suka gaji suka sayar da motar ga wani mutumin Sharabi, kifi ya koma kan jakuna.

Namadi ya tsufa a maƙerarsa, bai ƙara taɓa mota ba. Wata rana motar wani babban ma'aikacin gwamnati ta mutu daidai ƙofarsa. Namadi ya shimfiɗa wa mai motar tabarma, ya sa aka kawo masa ruwa da fura. Da mutumin ya ce ya taimaka ya duba injin, Namadi bai ko ɗaga kai ba.

"Garma nake yi, malam. Aika Bagudo a kira maka bakanike."