Mutumin da ke Ƙwace Filafilan Masunta

Kullum da safe, kafin ya duba majinyaci ko ɗaya, Baba Wyson Longwe yakan buɗe wani ɗaki a bayan asibitin garinmu na bakin Tafkin Malawi. Babu magani a ciki. Filafilan tuƙa kwale-kwale ne jingine da bango, kowanne da sunan mai shi da ranar da za a mayar masa.

Shi ba babban likita ba ne, jami'in ƙashi ne. Tuƙi da jan koma suna cin kafaɗun masunta. Guringuntsin da ke riƙe kan ƙashin hannu a gurbinsa yakan yage, daga nan kafaɗa ta riƙa gocewa ko riga mutum zai sa. Likitan tiyata yakan zo daga birni, ya ɗinke yagewar jikin ƙashi, ya koma. Sauran aikin na Baba Longwe ne: mako shida hannu a rataye, wata huɗu babu tafki.

Da, da baki kawai yake gargaɗi. Da aka yi wa yayana Ellard aikin, ya saurare shi, ya ce to. A mako na biyar kifi ya cika ruwa, gidansa kuma babu ko garin rogo, sai ya cire maratayin ya fita. Iskar kudu ta taso da hantsi. Waɗanda ke nesa da shi sun hango shi yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na lilo, kwale-kwalen sai juyawa yake wuri guda. Bayan kwana uku muka tsinci gawarsa.

Tun daga ranar, duk wanda aka yi wa aiki, Baba Longwe zai je gidansa da kansa ya ɗauke filafilinsa. Kuma da gangan yake ratsa kasuwar kifi da shi a kafaɗa, rana tsaka, don kowa ya san wanda ba za a ara wa ba.

Shekara tara bayan Ellard, tawa kafaɗar ta yage. Kwana biyu da sallamata sai ga shi a ƙofar gida.

"Baba, ni ba yaro ba ne," na ce. "Na ji bayaninka."

"Yayanka ma ya ji. Miƙo."

"'Ya'yana fa? Katako za su ci?"

"Su ci ganyen rogo da ubansu a raye. Ka miƙo, ɗana, rana na yi."

Wallahi na zage shi, zagin da har yau nake jin kunyarsa. Matata ce ta ɗauko filafilin ta ba shi, tana kuka. Watannin nan huɗu mun sha wuya ba kaɗan ba, kuma duk Talata yana zuwa a kan kekensa ya lanƙwasa mini hannu har sai na yi ihu.

"Kai da ke kokawa da igiyar ruwa, tsoho ya sa ka kuka?" in ji shi.

Baba, kai ne wanda muka tsana a lokacin kifi. An yi maka tofin tsiya a kasuwa, an taɓa sace maka iskar keke, ka tura shi har gida. Ba kowa ka ceta ba, don akwai wanda ya sassaƙa sabon filafili a ɓoye, kuma kai ka fara isa wajen jana'izarsa. Amma ni ga ni, ina ɗaga jikata sama da hannun nan. Na gode, Baba. Na janye zagin.

Ku ma'aikatan da ke tasowa, ku yi koyi da shi. Kada ku tsaya a gargaɗin baki in kun san yunwa za ta fi ku ƙarfin murya.

Juma'ar da ta wuce ya yi ritaya. Na raka shi ya miƙa wa magajiyarsa makullin ɗakin. A can kusurwa na ga wani tsohon filafili da ruwa ya cinye, da suna amma babu ranar mayarwa. Na Ellard ne. Ashe Baba Longwe ne ya tsince shi a bakin gaɓa.

"Baba, ka ba ni in kai wa Inna."

Ya girgiza kai.

"Bar shi nan, ita ma ta riƙa ganinsa kowace safiya," ya ce, yana nuna magajiyar tasa. "Wannan na makara ban karɓa ba."