Famfon Gindin Bango

Gidajen layinmu a unguwar Darrasa manne suke da juna, tsofaffi, masu tagogin katako da aka sassaƙa, kuma hukuma ta hana a rushe su. Mai gidan da nake haya yana son gina dogon bene, sai ya riƙa sakin famfo a gindin bango don ginin ya ruɓe ya faɗi da kansa. Ni a gidan ƙasa na tashi, na san ɓarnar ruwa. Ya buɗe, in rufe.

Ran nan ya kama ni. "Khalas, shi ke nan, tattara kayanka!"

Na ce, "Ya Hajj, tsohuwa ce ke kwana a bayan bangon nan. Kore ni, amma muddin ina gidan nan, famfon nan a rufe yake."