Jirgin Gado Mai Lilo

Gado ɗan garin Kore Mairuwa ne. Ubansa massassaƙi ne, mai yin turmi da akushi da ƙotar fartanya, kuma a gindinsa Gado ya koyi riƙe gizago. Tun yana saurayi babu abin da yake so kamar kokowa, amma kurkunu ya kama masa ƙafar hagu damina biyu a jere, ya bar shi da ɗingishi. Daga nan ya san ba zai taɓa shiga fage ba. Sai ya zama ɗan kallo, irin wanda ko a Tibiri aka buga ganga sai ya hau jaki ya je.

Da ya auri Shatu suka komo Dogon Dutsi, ya kafa rumfar sassaƙa kusa da fagen da ake kokowa bayan an gama yankan hatsi. Ba wanda ya sa shi, shi ke share fagen, ya tsince ƙaya, ya zuba yashi inda ƙasa ta yi tauri. Ya lura yara na kutsawa tsakanin ƙafafun manya har a taka su, sai ya ɗaura musu lilo a jikin gawon da ke gefe. Lilo ɗaya ya zama uku. Mata masu fura da ƙosai suka biyo yaran, wurin ya cika. Aka koma kiransa Gado Mai Lilo, fagen kuwa Filin Gado.

Shekarar da ƙasa ta samu 'yancin kanta, manyan gari suka ce filin ya yi kaɗan ga bukukuwan da ke tafe. Suka ƙara masa wata saura, tsohuwar gonar da ke gabas da shi, suka bar wa Gado ya ga abin da zai yi da ita. A wannan kakar ce motar silima ta zo daga Yamai, aka rataya farin ƙyalle a bangon lakwal, wato makarantar boko, aka haska wa jama'a. Gado bai gane labarin ba, don da Faransanci ake magana. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne jirgin ƙasa, baƙin kai mai fitar da hayaƙi yana jan ɗakuna a bayansa, mutane na leƙowa ta taga. Ban da waɗanda suka je cin rani Gusau ko Kano, ba wanda ya taɓa ganin irinsa a garin. Bayan motar ta tafi, yara ba su da wani wasa sai kama ƙugun juna suna kukan jirgi.

Gado ya ce zai yi musu nasu. Malamin lakwal, wanda ake kira Mushe Mamman irin yadda ake kiran malamai da Faransanci, ya zana masa siffarsa a kan yashi. Gado ya samo tsofaffin ƙafafun amalanke, ya haɗa ɗakuna uku da katako, ya yi kan jirgin da tsohuwar gangar mai. A cikin bututun hayaƙin ya ajiye ƙaramin kasko, inda za a kunna busasshen kashin shanu. Sa ne zai ja.

Tun kafin ya gama, magana ta cika gari. Wanda ya fi kowa ƙin abin shi ne Ɗan'azumi, tsohon ɗan kokowa da ya yi suna har ƙetaren iyaka, wanda yanzu shi ke raba gardama a fage. Wata safiya ya iske Gado a rumfa tare da Mushe Mamman, ya daɗe yana duban jirgin.

"Gado, mi ya haɗa wanga abu da kokowa?" in ji shi. "Fagen ga na gumi ne. Abin da duk aka yi a nan, mutum ya yi shi da jikinai, kowa na gani. Kai ka ɗauko abin da aka haska ga bango ka sa mai ƙafa."

"To lilon fa, Baba?" in ji Mushe Mamman. "Kakanninmu da lilo suka yi kokowa?"

"Lilo namu ne. Igiya ce da icce."

"Wannan ma icce ne, na dajinmu."

"Iccen namu ne, kamannin na wasu," in ji Ɗan'azumi. "Yau jirgi, gobe samari su shigo fage da malafar kaboyi."

Gado ya ci gaba da fiƙe ƙusar katako.

Masu son filin suka rabu biyu. Matasa da ma'aikata da mata masu sana'a suna cewa sabuwar ƙasa sai da sabon abu, kuma a saura jirgin zai yi tafiya, ba a fage ba. Tsofaffin 'yan kallo suna cewa da zarar jirgin ya motsa, ido zai bar 'yan kokowa. Wasu suka ce doguwa, aljanar da ke kan gawo, ba ta son hayaƙi. A kasuwa, mutanen da suka shekara suna zama kan tabarma ɗaya wurin kallo suka daina gaisawa da kyau. Daga baya makaɗa suka aiko cewa in dai jirgin zai yi tafiya ranar buɗe fage, su Tibiri za su.

Wannan ne ya karya wa Gado gwiwa. Shi duk abin da ya yi a filin don kokowa ya yi shi, ga shi da hannunsa zai kore ta. Ya gaya wa Shatu gara ya faskare jirgin ta yi girki da shi.

"Malam, tun da ka fara aikin ga ɗiyan mutane ke leƙe ta darni," ta ce. "Ka bari su hau ko sau ɗaya ne. In ya so ka faskare, ni ban rasa icce ba."

Ranar buɗe fage, da la'asar, filin ya cika. Ɗan'azumi da 'yan kokowarsa sun zo, amma suka zauna sun juya wa saurar baya. Manu, wani makiyayi abokin Gado, shi ya kawo san da zai ja, matashin sa ne mai ƙarfi da ya saba da amalanke.

"Abu guda," in ji Manu. "Bai saba da ganga ba."

"Makaɗa sun yi Tibiri," in ji Gado. "Babu ganga yau."

Aka kunna kasko, hayaƙi ya tashi, yara suka cika ɗakunan. Manu ya kama igiya, jirgin ya soma tafiya a hankali yana ƙara, mata na guɗa. Har wasu daga cikin tsofaffin suka saci kallo ta gefen ido.

Ashe makaɗan ba su tafi ba. Sun kama hanya, suka ga ba za su iya barin fagen garinsu shiru ba, suka juyo. Ta gabas suka shigo, ta bakin saurar, suka saki ganguna gaba ɗaya. San ya zabura, ya fizge igiyar, ya watsar da Manu gefe. Ya nufi kwarin da ruwan damina ya haƙa a ƙarshen saurar, jirgin na tangal-tangal a bayansa, yara na kuka.

Gado ya taka da gudu, ƙafar ta ƙi, ya faɗi. Yana ɗago kai ya ga Ɗan'azumi ya wuce shi, samari biyu na biye. Samarin suka rataye a ɗakin baya suna turjewa da dugadugai. Tsohon ya yanke ta gefe ya tari san, ya kama ƙaho, ya murɗe masa wuya kamar yadda yake murɗe abokin karawa a zamaninsa. San ya ja shi a ƙasa, sannan ya durƙusa. Tsakaninsu da bakin kwarin bai wuce tsawon tabarma ba.

Aka yi ta sauke yara, kowace uwa na laluben nata. Yarinya ɗaya ce ta goge gwiwar hannu. Kaskon ya faɗi ya watsa garwashi a busasshiyar ciyawa, wata mai fura ta juye ruwan tulunta a kai. Gado ya iso yana jan ƙafa, ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana shafa kawunansu. Da ya tabbata babu wanda ya karye, sai ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula, ya daɗe yana hamdala.

"Gobe in faskare shi," ya ce da Ɗan'azumi, wanda ke tsaye yana haki, gwiwoyinsa duk sun ɗaye.

"Ni ban ce ka faskare ba," in ji tsohon. "Na ce nan ba wurinai ba ne. Ka ga yadda ɗiyan ga ke dariya kafin a buga ganga? Har ni na ji."

A nan bakin kwarin aka daidaita. Za a ja darni tsakanin fage da saura, a cike kwarin da duwatsu. Jirgi zai yi tafiya daga hantsi zuwa azahar, ganga kuwa sai bayan la'asar, in an kwance sa an mai da shi garke. Manu ya ce zai kawo wani tsohon takarkari da ko aradu ba ta tada shi. Makaɗa suka ba da haƙuri, aka koma fage. Gado ya ce bai taɓa kallon kokowa da sanyin rai irin na ran nan ba, ko da yake bai iya tuna wanda ya yi kaye ba.

Gardamar ba ta mutu ba. Har ya tsufa Ɗan'azumi bai taɓa hawa jirgin ba, kuma duk baƙon da ya zo kallo sai ya gaya masa filin ya fi kyau kafin a kawo shi. Wasu na goyon bayansa, wasu na yi masa dariya, amma a kan tabarma ɗaya. Jirgin ya yi shekaru yana zagaya saurar, har daga Dogon Kiriya ake kawo yara a kan amalanke su hau.

Da motar silima ta sake zuwa aka nuna jirgin sama, Mushe Mamman ya iso rumfa da sassafe, ya tsuguna zai fara zane a kan yashi. Gado ya dube shi, ya ce, "Mushe, wane sa ne zai ja wannan?" Malamin ya yi dariya ya share zanen da tafin hannu, Shatu ta kawo musu kunu suka sha.