Yammacin da Na Yi Gadin Bakin Koci

Akwai wani yammaci da na san har ƙasa ta rufe min ido ba zai fita daga raina ba. Shi ne yammacin da aka hau da ni kan dutse aka ce in yi gadin bakin wani mutum. Yanzu da na shiga ajin manya na fara iya riƙe biro, shi ne labarin da hannuna ya fi matsuwa ya rubuta.

Ni ba mutumin ƙwallo ba ne. Manomi ne ni. Gonata tana gindin wani dutse a hanyar Rurum, kuma filin da samarin ƙauyukanmu suke buga gasarsu ta kaka yana jikin gonar. Abin da ya haɗa ni da ƙwallo bai wuce in ta faɗo cikin dawata in tsinto in jefa musu ba. A cikin masu horar da yaran akwai wani tela, sa'ana, daga wani ƙauye ta wajen Saji. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kowa Koci yake ce masa. Allah Ya ba shi murya. In ya kira sunan yaro a bakin fili, matan da suke sussuka a bayan gari sai sun ɗago kai.

A wasan kusa da na ƙarshe abin ya faru. Alƙalin wasan da aka sa, babur ɗinsa ya mutu a hanya. Aka rasa mai busa, sai ɓangarorin biyu suka yarda a ba wani saurayi da ya koyi alƙalancin wasa a Kano. Saurayin nan ɗan ƙanin Koci ne, maraya, a hannunsa ya tashi. Kowa ya ɗauka zai yi wa Baffansa kara. Sai ga shi yaran Koci sun ci ƙwallo ya soke ta, ya ce satar gida ce.

Ina tsaye a bakin gonata na ga Koci ya tsallake layin da aka zana da toka. Ya taka har tsakiyar fili, ya kama kunnen alƙalin wasa, irin kamun da ake yi wa yaro in ya bar awaki sun shiga gonar mutane. Saurayin bai fizge ba. Ya durƙusa har ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya zaro jan kati daga aljihu ya ɗaga da hannu biyu kamar mai miƙa goro.

"Baffa, a yi haƙuri, a fita," in ji shi.

Jama'a suka rasa dariya za su yi ko salati. Koci ya saki kunnen, ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba, ya fita. Yaransa kuma suka ci wasan duk da haka, suka kai na ƙarshe, inda za su haɗu da wata ƙungiya daga wajen Unguwar Gai.

Kwamitin gasa ya zauna a ƙarƙashin wata tsamiya, aka kira ni cikin shaidu. Ban taɓa ganin shari'ar da aka yi ta da murmushi irin wannan ba, amma fa shari'a ce. Wani Alhaji cikin 'yan kwamiti ya gyara zama ya ce, "Yanzu uba ya ja kunnen ɗansa, sai mu shimfiɗa tabarma mu kafa masa kotu?"

Shugaban kwamitin tsohon hedimasta ne. Ya ce, "Alhaji, a gida ɗansa ne. Amma in ya sa baƙar riga ya rataya usur, ni ma da na koya masa karatu a ƙarƙashinsa nake. In muka bar wannan, gobe duk mai ɗa a fili zai shigo da tsumagiya."

Aka juya ga Koci. Bai yi musu ba. Ya ce, "Na ja kunnensa. Wallahi ni ban ga rafali ba, yarona na gani."

Aka yanke masa hukunci. Ranar wasan ƙarshe ba zai tsaya a bakin layi ba. Ba zai yi wa yaransa magana ba, ba zai yi musu alama da hannu ko da hula ba, ba zai aika kowa ba. In ya karya, ko sun ci kofi za a ƙwace, a cire ƙungiyar daga gasar baɗi, shi kuma ya bar horarwa ke nan. Wani daga baya ya ce, "Wannan ai ko a garin Kibiya kuka ajiye shi za a ji shi." Aka yi dariya, ban da Koci. Ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya gani ko daga nesa ne. Nan aka daidaita ya hau kan dutse, a haɗa shi da mutum ɗaya da zai ba da shaida bayan wasa. Ni aka zaɓa, don ba ni da ɗa a kowace ƙungiya, kuma na san hanyar hawa.

Ranar, muna idar da la'asar Koci ya miƙa wa hedimasta wayarsa, muka kama hanya. Na ɗauki buta da buzu. Yana hawa yana haki.

Na sha hawa dutsen nan neman akuya, amma ban taɓa zama a kai na duba ba sai ranar. Dawa ta nuna, kawunanta sun yi ja har iyakar gani, iska tana kaɗa su kamar ruwa. An tuge gyaɗa an jera ta tsibi-tsibi. Can nesa shanun Fulani suna tafe a hankali, farare, kamar ba da ƙafa suke takawa ba. Wani shaho yana shawagi, kuma a ƙasanmu yake, bayansa muke gani. Fili ya koma kamar faifai, jama'a sun kewaye shi kamar bakin kwarya. 'Yan wasa suka fito ƙanana, masu kore da masu ja.

"Masu koren nawa ne," in ji Koci a hankali. "Ni na ɗinka rigunan. Malam, da kai an yarda in yi magana?"

Na ce, "Ni ba ɗan wasa ba ne."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda sauti yake makara. Sai ka ga yaro ya doki ƙwallo, ta tashi, ta kai rabin hanya, sannan ka ji dukan ya iso. Kururuwar jama'a ma haka, tana zuwa a tausashe kamar daga wani gari. Sai na ji kamar abin da nake kallo ya riga ya faru tun da daɗewa, mafarkinsa kawai ake nuna mana. Har yau in na rufe ido ina ganin korayen rigunan nan suna yawo a cikin hasken yamma ba tare da ƙara ba.

Koci ya zauna a kan tafukan hannuwansa. Da farko na zaci sanyin dutse yake ji, sai daga baya na gane danne su yake yi. In ƙwallo ta nufi gidansu, sai ƙafarsa ta motsa, wuyansa ya kumbura, ya haɗiye. Wani lokaci ya cusa gefen rigarsa a baki ya ciza.

Aka tafi hutu ba wanda ya ci. Yaransa suka zauna a da'ira a bakin layi, suka bar gurbi a inda ya saba tsayawa. Sai ɗaya ya ɗaga kai ya dubi dutse, sauran suka bi. Koci ya juya musu baya, ya fuskanci gonakin da ke ɗaya gefen.

"Ko yaya na motsa za su ce alama ce," in ji shi. "In sun daina kallo ka faɗa min."

Suka daɗe ba su daina ba.

Da aka dawo, rana ta sauko, ta zamo tana dukan idon golansa. 'Yan ja suka matsa. Koci ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam, in zafi ya dame ni na cire hula na yi fifita, za ka faɗa?"

Na ce, "In an tambaye ni, zan faɗi abin da na gani."

"In ba a tambaye ka ba fa?"

"Za a tambaye ni, Koci."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya ce, "Haka ne. Kuma ba zan sa dattijo kamarka ya yi ƙarya a kan fatar da aka hura wa iska ba." Ya ƙara danna hular a kansa.

Wasa ya zo gab da tashi, aka ba 'yan ja bugun kusurwa. Kowa ya taru a bakin raga ana ture-ture. Daga inda muke, ko ni da ban san ƙwallo ba na ga abin da na ƙasa ba su gani ba. Wani siririn ɗan ja ya janye daga cikin taron, ya zaga ta baya a hankali kamar mai neman wajen fitsari, ya tsaya shi kaɗai a ƙarshen raga. Ɗan bayan Koci da ya kamata ya tsare shi yana 'yan taku kaɗan daga gare shi, amma ya ba shi baya, idonsa a kan mai bugu. Kalma ɗaya ake bukata, sunansa, ya waiwaya. Ga ganguna, ga ihu, ba wanda zai iya rantsewa daga ina kiran ya fito. Ni kaɗai ne zan sani.

Koci ya miƙe tsaye. Na ga ƙirjinsa ya cika da iska, jijiyoyin wuyansa sun fito, bakinsa ya buɗe. Ban ce komai ba, ban taɓa shi ba. Komai ya tsaya min cak, shahon nan, shanun nan, ƙwallon da ta tashi tana juyawa a cikin jan haske. Ta wuce kan taron kamar an aike ta, ta sauka a goshin siririn yaron, raga ta motsa. Muka gani tukuna, sannan ihu ya hauro dutse ya same mu.

Iskar da ke ƙirjin Koci ta fita ta hanci, a hankali, ba sauti. Ya koma ya zauna a kan hannuwansa. Hawaye suna zubo masa, bai iya sharewa ba, don ko hannu ba ya so ya ɗaga.

Ba a jima ba na ga 'yan ja suna tsalle, jama'a sun shiga fili. Koci ya ce, "An busa?"

Na ce, "An busa."

Sai a lokacin ya faɗi sunan ɗan bayan nan, sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, kamar mai sauke kaya daga ka.

Muka sauko ana shirin magariba. Hedimasta da 'yan kwamiti suna jira a gindin dutse. Hedimasta ya ce, "Malam, ya yi magana ko alama?"

Na ce, "Bai yi ba, ko da ɗan yatsa."

Hedimasta ya miƙa masa wayarsa, ya ce hukunci ya ƙare. Yaransa suka kewaye shi. Ɗan bayan nan ya zo yana kuka, yana cewa, "Koci, laifina ne, ban gan shi ba."

"Ni na gan shi," in ji Koci.

Yaron ya ɗago ido. "To, ai da ka kira ni zan ji."

"Na san za ka ji. Ina so in same ku a filin nan baɗi." Ya dafa kan yaron ya ce, "Tashi ka wanke fuska, an kusa kiran salla."

Baɗi kuwa ya same su. Ya dawo bakin layinsa da muryarsa yadda take, ba abin da ya ragu, har kajin maƙwabta suna watsewa. Amma ƙafarsa ba ta sake taɓa tokar nan ba.

Tun ina saurayi mutane suke ce min mai haƙuri, ni ma na yarda. A kan dutsen nan na gane nawa shirun mai sauƙi ne, don yawanci ba abin da yake cin raina. Haƙuri na gaske na gan shi a wajen mutumin da ya fi kowa hayaniya a ƙasarmu. Yana da murya, ya san abin da zai faɗa, abin da yake so yana salwanta a gaban idonsa, ya rufe baki saboda ya karɓi hukunci kuma akwai yaran da za su biya in ya karya. Tun daga ranar na daina auna haƙurin mutum da yawan shirunsa. Ina duba abin da shirun ya ci masa.