Majanyin da Bai Goyi Kowa Ba

A watan azumin 1998, ina da shekara tara, na hau rufin benenmu a Giza kwaso shanya, na tarar da wata tsohuwa tana saƙa da zare ja da baƙi da kore, gefe guda ɗaure a ƙugunta, ɗayan a jikin bututun ruwa. Na manta da shanyar sam, har Umma ta biyo ni da faɗa, ga tsohon ciki. Tana ganin saƙar faɗan ya mutu, domin ita ma 'yar masaƙa ce.

Tsohuwar 'yar ƙabilar Zuni ce daga Amurka, ta biyo 'yarta mai koyarwa a jami'a. Kaka muke ce mata. Larabcinta bai wuce "tamam" ba, Umma kuwa ba Turanci, amma kullum da la'asar suna tare, ina riƙe musu zare ina ƙunƙuni, yara na can ƙasa suna 'yar gala-gala babu ni. Ɗamara take saƙawa, irin wadda matansu ke naɗawa a kan baƙin zanensu. Umma ta dafa bayanta ta yi alamar goyo: majanyi take so. Sau biyu tana haihuwa bayana ba su zauna ba, ta ci burin goya wannan. Da yake faɗin ɗamarar bai fi tafin hannu ba, ta nuna wa Kaka yadda ake yi a garinmu, a saƙa ƙwarya-ƙwarya, wato siraran ƙyallaye, a haɗa da allura.

Kaka na kan saƙar ƙwarya ta biyu aka haifi ƙanena. Bai kai suna ba. Matan Hausawa na ta "sai haƙuri", maƙwabta Misirawa na "ma'alish", Umma kuwa ko ɗigon hawaye, sai dai "Allah ya fi mu son sa". Na tsani shirun nan, wallahi har yau yana min ciwo. Kaka ta shigo, ta miƙar da Umma tsaye, ta naɗa mata ɗamarar da ta gama a cikin da ya zama wayam, ta ɗaure tamau. A nan Umma ta kifa kai a kafaɗarta ta fashe da kuka.

Yanzu 'ya'yana a jakar goyo ta kanti muke rataya su, ban san hannun da ya ɗinka ta ba. Kaka ta koma ƙasarsu tun a shekarar, ko sunanta na gaskiya ban riƙe ba. Umma ba ta sake haihuwa ba, ta ci gaba da ɗaura ɗamarar a ƙarƙashin zani har ta rasu, ni na cire mata ita ranar wanka. Ban taɓa kwance ƙullin da ya yi min wuya haka ba.