Fitilar Kawu a Bakin Rijiya

Jiya aka ciro gawar mai yasar rijiya a Kwandiko, aka ce aljanu ne suka shaƙe shi. Sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Ba ya barin kowa ya shiga tsohuwar rijiya sai ya fara zura fitila da igiya. Na taɓa gani. Muna leƙawa, warin kananzir na bugun hanci, wutar ta ƙanƙance ta mutu.

Ya ce, "Inda wuta ta kasa numfashi, mutum ma ba zai iya ba."

Aka ce ya ƙaryata aljanu, aka daina binsa salla. Har ya rasu ba wanda ya ba shi haƙuri.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Mu kam har yau mutum muke fara zurawa.