Maganin da Aka Haɗa a Kicin Ɗinmu

'Yata ta fari a Makka aka haife ta, a wani ɗaki da muke haya a saman dutsen Nakkasa, tun kafin a rushe ɓangarenmu. Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa. Ni kuwa daga Kano na zo karatu, da alƙalamin kara da rubutun ajami, zama ya kama ni, Allah Ya rufa asiri na samu iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin wani mai shagon littattafai. Yarinyar ta karanci ilimin magunguna, ta samu aiki a wani asibiti, a ɗakin da ake haɗa abin da kamfani bai yi ba: ƙwayar manya a mayar da ita ta ruwa don jarirai, man shafawa a haɗa shi daidai yadda likita ya rubuta wa mutum ɗaya.

A shekarar da nake magana tana shirin wata jarrabawa. Ta yi min bayani muna cin abinci, rabi da Larabci rabi da Hausa. Takardar shaidar ƙwarewa ce a kan haɗa maganin sha da na shafawa, ban da allurai. Ba a barin mutum ya zauna jarrabawar sai shugabarsa ta sa hannu cewa ya daɗe yana aikin bisa ƙa'ida. Ta ce baƙuwa kamarta, in ba ta da wannan takarda, duk lokacin sabunta kwantiragi ana iya cire ta daga ɗakin a sa wata. Na ce Allah Ya ba da sa'a, na ci gaba da cin abincina. Daɗin da na ji ban nuna ba.

Ina da wani amini mutumin Maraɗi. Shi ya ba ni rabin tabarmarsa a farkon zuwana, lokacin ban san kowa ba. Bai taɓa samun takardar zama ba. Tura tsofaffi a keke yake yi a kewayen Harami, lokacin Hajji kuma ya tafi Mina dakon kaya. Wata rana ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. An karɓe shi a asibiti saboda gaggawa, da ya farfaɗo aka sallame shi da leda cike da ƙwayoyi. Komawa ganin likita kuwa sai mai takarda.

Matarsa ta zo gidanmu bayan la'asar, ta zauna a bakin ƙofa da ledar a cinya.

"Malam, ƙwayar nan ba ta wuce masa. In na ba shi sai ya shaƙe, in na daka a cokali sai ya tofar. An ce 'yar nan taka tana mayar da ƙwaya ruwa."

"Ai ba abin roƙo ba ne," na ce. "'Yarku ce. Za ta yi."

Ban tambayi yarinyar ba. A yadda na taso, uba yakan amsa, ɗa ya cika.

Tana nan zaune 'yata ta dawo daga aiki. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta zazzage ledar, ta duba kwalayen ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kira ta Khala, wato inna.

"Khala, wannan akwai wanda ake iya narkawa, akwai wanda ba a dakawa sam. Amma Baba, a gida mamnu'i ne, doka ta hana. Ba a haɗa magani sai a saidaliyya, ɗakin magani mai izini, da takardar likita. In aka ji, lasisina ne."

Matar ta fara mayar da kwalayen cikin leda, tana murmushi.

"Bar ta, Malam. 'Ya'yan iƙama ne. Mu da muka goya su ba mu da lasisi."

Na san yarinyar tana da gaskiya. Amma 'yar fari ce, kuma a gaban baƙuwa. Mu ba ma goyon bayan ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ma kamawa, duk mai hankali ya san kara ce. Na ɗauka ita ma ta sani. Sai na juya mata fuska na ce, "Karatun ne ya kai ki nan? Mutumin da ya raba tabarmarsa da ubanki?"

Ta dube ni. A Kano da yarinya ta gane cewa maganar don kunnen baƙuwa aka yi ta, daga baya a zauna a nemi mafita. Ita a Makka ta taso, ta ɗauki maganar yadda ta fito. Ta miƙa hannu ta karɓi ledar.

Ranar Juma'a, ranar hutunta, ta kori uwarta daga kicin. Ta sa aka fitar da daddawa da yaji da tukwane, ta goge ko'ina da wani ruwa mai warin asibiti, ta ɗaure kai, ta rufe hanci, ta sa safar hannu. Ta sayo ɗan ma'auni da farin turmi ƙarami kamar kofin shayi. Ƙwayar da ba a dakawa ta nemi wata likita ƙawarta ta canja ta da wadda ake dakawa. Matar aminina ta aiko da galan na Zamzam a haɗa da shi. 'Yata ta ce a'a, akwai ruwan da aka tace don wannan aiki.

"Zamzam ɗin ne bai isa tsarki ba?" in ji matar.

"Ya isa, Khala. Ki ba shi magani, sannan ki bi da Zamzam. Kowa da aikinsa."

Ni aka ba rubutun jikin kwalba, domin matar ajami kaɗai take karantawa. Na rubuta da hannuna: a girgiza, a sa a firiji, safe da yamma, a zubar bayan mako biyu. Na ƙawata rubutun har da jan tawada. Ina jin kunyar tuna yadda na ji daɗin wannan aiki.

Aminina ya sha, ya wuce masa. Bakinsa ya fara saki, har ya iya kiran sunana. Na yi wa Allah godiya, kuma har yau ina yi.

Sai dai maganin ruwa ba ya daɗewa, duk mako biyu sai an sake sabo. Labari kuma ya zaga cikin mutanenmu. Wata ta zo da tsohuwar da ba ta haɗiya. Wani mai dako ya zo da ƙafa duk faso, yana son man shafawa. Duk ba masu takarda ba ne, duk na san iyayensu ko garinsu, kuma duk wurina suke zuwa, ba wurinta ba. Kowa na ce masa to. Wasu ta ƙi, ta ce ciwon ya fi ƙarfin kicin, wasu ta yi. Littattafan jarrabawar suka koma saman firiji, Juma'a ta zama ranar daka.

Uwarta ta same ni ina alwala ta ce, "Malam, kai bakinka ne ke cewa to, ita ce ke tsayuwa."

Na ce lada take samu. Uwar ta ce, "Ladar kai ka zaɓa mata." Na idar da alwalata. A sallar nan na yi niyyar in dakatar da abin bayan Hajji, in mutane sun ragu. Ina ganin akwai lokaci.

Ba mugu ne ya kai ƙara ba. Wata baiwar Allah ce mai shara a asibitin, wadda aka haɗa wa uwarta magani a kicin ɗinmu. Ta ga 'yata a bakin ɗakin aiki tare da mudira, shugabarsu, sai ta ajiye tsintsiya ta zo ta kama hannunta tana sa mata albarka da Larabcinta na kasuwa. Ta ce wa mudira ta riƙe yarinyar nan da kyau, har a gida take haɗa wa talakawa magani ba ta karɓar komai. Ta ciro kwalbar daga jaka don shaida, da rubutuna a jiki.

Mudirar mace ce mai tsoron Allah. Ba ta kai maganar sama ba, da ta kai da lasisin ya tafi. Ta kira 'yata ofis ta tambaye ta, yarinyar ba ta yi musu ba. Ta ce mata ta fahimci dalili, amma ba za ta sa hannu a kan cewa tana aiki bisa ƙa'ida ba, ba a bana ba. Ta kuma cire ta daga ɗakin haɗawa ta mayar da ita taga, wurin miƙa wa mutane kwalaye.

'Yata ta faɗa mana wannan a tsaye, da jakarta a kafaɗa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Na so in ce wani abu, sai abin da ya fito shi ne, "Haka Allah Ya ƙaddara." Ta ce, "Na'am, Baba," ta shige ɗaki. Gaskiya na faɗa, amma ba daga bakina ya kamata ta ji ta a ranar ba.

Washegari na je gidan aminina da kaina na gaya wa matarsa an daina. Ta ce, "Allah Ya saka mata." Aminina yana kwance yana jinmu, ya juya fuska bango. Daga baya wani ɗan garinsu mai takarda ya samo musu hanyar wata saidaliyya da ke haɗawa da izini, da wahala da tsada. Ashe hanyar tana nan tun farko, ni ne ban nema ba, domin akwai 'yata a gida.

Lokacin jarrabawa ya zo ya wuce. Wata abokiyar aikinta ta zauna ta ci, ita ke riƙe da ɗakin yanzu.

Ina da hawan jini, a asibitin nake karɓar magani. Watan da ya wuce na ciri lamba na zauna cikin layi, da aka kira sai ta faɗo a tagar 'yata. Na miƙa takardata. Ta ɗauko kwalayen, ta yi min bayani da Larabci kamar yadda take yi wa kowa, ɗaya da safe, kada a tsallake. Akwai mutane a bayana. Na sunkuya kusa da gilashin na tambaye ta da Hausa ko mudira ta ce wani abu game da baɗi.

"Ba ta ce ba tukuna."

"In na je na same ta fa? In gaya mata ni na sa ki."

Ta ɗan dube ni, ta tura min ledar ta ƙarƙashin gilashi.

"Ta sani, Baba. Ta ce ba kai ke da lasisi ba."

Ta danna lamba ta gaba, na matsa gefe na ba mutumin wuri.